Kayan Sautin Na Wane Ne? Yadda Wata Ƙungiyar Teyatur a Maraɗi Ta Raba Gudummawa da Hannun Jari

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ta ƴan wasan kwaikwayo ce, wato teyatur kamar yadda aka fi kiransa a Nijar, kuma mazauninta yana cikin birnin Maraɗi. Na sakaya sunanta da na mutanenta saboda maganar ta taɓa kuɗi da zumunci, kuma waɗanda abin ya shafa har yau suna gaisawa a masallaci da kasuwa. A cikinsu akwai malaman makaranta, da tela, da masu kabu-kabu, da mata masu sana'ar cikin gida, da ɗalibai daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Babu wanda yake ciyar da iyalinsa da wasan kaɗai, amma dukansu sun riƙe shi da muhimmanci irin na sana'a. Abin da ya sa lamarinsu ya cancanci a rubuta shi ne, sun kai ga fahimtar cewa gudummawa tana iya tsayar da wasan dare ɗaya, amma ba ta raya ƙungiya sai idan an san tun farko wanda ya mallaki abin da aka saya da ita.

Dogaro da ubangida tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma ba aibu ba ne a wurinsa. Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin noma yana da manomansa, maroƙi yana da gidajen da yake zuwa ranar biki da suna. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ce ta zama babban ubangidan masu fasaha, ta hanyar Samariya, wato ƙungiyoyin matasa da gwamnati ta tsara, da bikin matasa na ƙasa inda jihohi suke gasar teyatur da waƙa da rawa. Dattijon da ya kafa wannan ƙungiya, wanda kowa a cikinta yake kira Baba, a wannan makaranta ya taso. Da Samariya ta mutu, baitulmali ya yi rauni, sannan aka karya darajar kuɗin CFA a watan Janairun 1994, sai masu wasa suka koma neman wani inuwar. Suka same ta wurin ƙungiyoyin agaji na waje, waɗanda Maraɗi ba ta taɓa rasa su ba, musamman bayan matsalar abinci ta 2005.

Shekara da shekaru kuɗin furoje, wato ayyukan waɗannan ƙungiyoyin agaji, shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Ana kiransu a ba su jigo, ko rigakafi, ko tamowa, ko auren wuri, ko sa ƴaƴa mata makaranta, a ɗauke su a mota zuwa garuruwan Madarumfa da Gidan Rumji da Agye, su yi wasa a dandali, a biya su kuɗin zama da na abinci. Aikin yana da amfani, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Sai dai ya bar illa biyu. Ta farko ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wasan yakan ƙare a inda takardar furoje ta ce ya ƙare, miji mai taurin kai ya tuba kafin magariba, kuma ƴan kallo sun daɗe da gane hakan, har suna faɗin ƙarshen labari tun ba a kai tsakiya ba. Ta biyu, wadda ta fi shafar wannan nazari, ita ce kuɗin furoje na aiki ne, ba na gini ba. Ana biyan mai da abinci da kuɗin zama, a karɓi rasit, a rufe lissafi, amma ba kasafai ake yarda a sayi abin da zai zauna a hannun ƙungiya bayan an tashi ba. Bayan dogon lokaci ana wannan aiki, abin da ƙungiyar ta mallaka bai wuce buhun tufafin wasa da ƴan labule ba.

Kayan sautin da suke amfani da su, wato lasifikoki biyu manya, da na'urar haɗa murya, da makirufo, da ƙaramin injin wuta, wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya saye su a Kano. Mutum ne mai son wasan da gaske, kuma ranar da aka kawo kayan ya ce na ƙungiya ne, aka yi masa godiya da addu'a, ba a rubuta komai ba. Tun da ƙungiyar ba ta da ɗaki mai ƙofar kirki, sai aka ajiye su a sitonsa da ke kusa da babbar kasuwa, makulli yana hannun yaron shagonsa. Duk ranar wasa sai an tura mutum tun hantsi ya jira yaron ya sallami masu sayayya, a fito da kayan daga bayan buhunan shinkafa, a kaɗe ƙura, a ɗora a kan amalanke. Idan wani abokin Alhaji yana aurar da ɗiya, kayan sukan tafi can. Lokacin yaƙin neman zaɓe kuwa sukan yi makonni ba a gan su ba. Akwai ranar da aka sanar da wasa a Tsibirin Gobir, jama'a suka taru bayan la'asar, ashe kayan suna gidan biki a unguwar Zariya, aka yi wasan da baki, na baya ba sa jin abin da ake faɗa.

Ban ɗora wa Alhajin laifi a nan ba. A wurinsa ya yi kyauta, kuma kyautar tana cikin sitonsa, saboda haka ba ya ganin illa idan ya taimaki wani da ita. Su kuma ƴan ƙungiya kunya ba ta barin su tambayi mai alheri ko abin da ya ba su kyauta ce ko aro. Wannan rashin fayyacewa shi ne asalin matsalar, kuma na tabbata ƙungiyoyin kiɗa da na wasanni da yawa a garuruwanmu suna zaune a kansa.

Juyin mulkin ranar 26 ga Yuli 2023 ne ya tilasta a dubi lamarin. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya, wadda Maraɗi take shaƙar numfashi ta cikinta ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, aka kuma katse wutar lantarkin da ke shigowa daga can. Masu ba da tallafi daga Turai da dama suka dakatar da ayyukansu. Kiran furoje ya ɗauke, ƴan kasuwar da suka saba taimakawa suka shiga nasu halin, injin wutar kuwa ya koma aiki a gidan Alhaji, domin shi ma yana da iyali cikin duhu. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, furojojin ba su dawo kamar da ba.

Shawarar mafita daga wurin mata ta fito, kuma wannan bai ba ni mamaki ba. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ajiye a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku wanda makullansa suke hannun mata uku daban, akwatin kansa yana gidan ta huɗu, a ba da rance daga ciki, a raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Biyu daga cikin ƴan wasan sun daɗe a irin wannan asusu. Babbar cikinsu, wadda ake kira Hajiya, ta faɗa wa taro cewa ita ba ta taɓa ganin asusun da aka buɗe babu idon kowa ba, kuma idan matan ƙauye da ba su yi boko ba suna iya riƙe lissafi shekara da shekaru babu faɗa, to babu hujjar da za ta hana masu ilimi su haɗa kuɗi su sayi lasifikarsu.

A nan ne aka ci karo da doka. Ƙungiyar tana da rajista ne a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda ta tanadi ƙungiyar da ba ta neman riba: tana iya karɓar kuɗin wata-wata daga mambobi da tallafi, amma ba a kafa ta don a raba wa mambobi abin da aka samu ba. Su kuwa abin da suke so shi ne kowa ya zuba jari, a sayi kaya, a riƙa ba da hayarsu ga masu biki da taro, a samu rara. Wannan aikin ƙungiyar gama-kai ne, kuma dokarsa daban take. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, waɗanda suka amince da doka ɗaya kan ƙungiyoyin gama-kai a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Dokar ta kawo iri biyu: mai sauƙi da ake kira SCOOPS, wadda mutum 5 sun isa su kafa ta, tana da kwamitin gudanarwa da kwamitin sa-ido, da kuma COOP-CA mai majalisar gudanarwa, wadda take buƙatar mutum 15 aƙalla. Suka zaɓi mai sauƙin, domin ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin tsarin babbar.

Abin da ya fi burge ni a shawarar da suka yanke shi ne ba su rushe tsohuwar ƙungiyar ba. Sun bar ta a matsayin mai shirya wasa da karɓar gudummawa, sannan suka kafa ta gama-kai a gefenta ta zama mai mallakar kaya. Asusu biyu, littafi biyu, ma'aji biyu. Abin da aka bayar don Allah ko don son wasa yana shiga na farko, a kashe shi kan shirya wasa da sufuri, babu wanda yake da rabo a ciki. Abin da aka zuba a matsayin jari yana shiga na biyu, kuma mai shi yana da takardar shaida da ƙuri'a. Sun yanke hannun jari ɗaya a kan jaka 5, wato CFA 5,000, tare da damar biya kaɗan-kaɗan, kuma sun yi amfani da tanadin dokar da ya yarda mutum ya shigo da kaya ko aikin hannunsa maimakon tsabar kuɗi. Ta haka ne telan ya shiga da ɗinkin tufafin wasa, mai gyaran rediyo kuma da alkawarin kula da na'urori.

Maganar ƙuri'a ce ta fi zafi. Da aka je wa Alhaji da bayani, aka ce masa, ranka ya daɗe, muna roƙon ka fayyace mana matsayin kayan nan, sai ya nuna yana so ya shiga a matsayin mai jari, a ƙiyasta kuɗin kayan a rubuta masa. Da an yi hakan, jarinsa zai ninka na sauran gaba ɗaya. Amma a tsarin gama-kai kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa, ƙa'idar da ta samo asali tun daga masaƙan garin Rochdale na Ingila da suka kafa shagonsu a 1844. Ga ɗan kasuwar da ya saba cewa mai kuɗi shi ke da magana, wannan abu ne mai wuyar haɗiya, kuma ya faɗi hakan a fili: bai ga yadda muryarsa za ta yi daidai da ta yaron da ya biya jaka 5 a cikin wata biyar ba. An ɗauki lokaci ana kai-komo ta hannun wani limami da suke girmamawa duka. Daga ƙarshe ya zaɓi ya bayar da lasifikoki da na'urar haɗa murya kyauta a rubuce, gaban shaidu, ya riƙe injin wutar a matsayin nasa, sannan ya sayi hannun jari kamar kowa. A ganina wannan sulhu ya fi kowane tallafi da ƙungiyar ta taɓa samu daraja, domin ya mayar da alheri abin da ba ya dogara da yanayin zuciyar mai shi ko halin kasuwarsa.

Baba ma bai karɓi tsarin da hannu biyu ba, kuma dalilinsa ba son mulki kaɗai ba ne. Ya girma yana ganin ƙungiyoyin gama-kai na zamanin gyaɗa, lokacin da hukumar UNCC, wadda aka kafa a 1962, take tsara manoma daga sama, ana kiran abin na talakawa alhali ma'aikatan gwamnati ne suke juya shi. A wurin mutanen tsaransa kalmar tana tuna musu da sikeli da bashin iri. Ya kuma ji tsoron cewa idan komai ya koma ƙuri'a, wata rana za a kaɗa ƙuri'a kan wanda zai fito a matsayin sarki a wasa. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa aka rubuta a cikin ƙa'idoji cewa taron mambobi yana da iko kan kuɗi da kaya da zaɓen shugabanni, amma zaɓen labari da rabon matsayi a wasa yana hannun mai ba da umarni, wanda tsohuwar ƙungiyar take naɗawa. Fasaha ba ta gyaruwa da ɗaga hannu, kuma ya kyautu da suka gane hakan da wuri.

Ta ɓangaren gudummawa, sun sauya salo daga neman babban mutum ɗaya zuwa neman ƙananan hannuwa da yawa. Ƴan asalin Maraɗi da ke Yamai da Kano da Abijan da Aljeriya suna turo abin da ya sauwaƙa ta kamfanonin tura kuɗi na Nita ko Amana, kuma bayan kowane wasa ma'aji yana ɗaukar hoton shafin littafin lissafi ya sa a zauren WhatsApp na masu taimako. Sun kuma tsaya kan cewa ba za su karɓi zakka ba, tun da Alƙur'ani ya lissafa mutum takwas da ake ba wa ita a cikin Suratut Tauba, kuma ƙungiyar wasa ba ta cikinsu. Abin da suke karɓa kyauta ce. Wannan tsayuwa ta sama musu mutunci a garin da malamai suke da ƙarfin faɗa a ji, garin da bai manta da tarzomar watan Nuwamba 2000 ba, wadda ta tashi a Yamai da Maraɗi saboda adawa da bikin nuna tufafi na FIMA. Akwai masu bayarwa da suke sharaɗin kada a ambaci sunansu a wurin wasa, kuma ana kiyaye musu wannan, sai dai kwamitin sa-ido yana ganin sunan a littafi.

Masu fasaha su mallaki ma'aikatarsu ba sabon abu ba ne a duniya. A 1947 wasu masu ɗaukar hoto suka kafa Magnum a matsayin ƙungiyar gama-kai domin hotunansu su zama nasu maimakon na mujallun da suke aika su aiki. Misalin da ya fi kusa da lamarin Maraɗi shi ne na ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra, wadda makaɗa suka kafa da kansu a Landan a 1904, suna mulkin kansu suna raba ribar da aka samu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai suka bar rabon riba domin su cancanci tallafin gwamnati, amma suka riƙe mulkin kansu. Wannan yana nuna cewa mai ba da tallafi, ko a ina yake, ba ya son ganin kuɗinsa ya koma aljihun masu jari, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa raba asusu biyu da ƴan Maraɗi suka yi ya zama daidai.

Sakamakon da aka gani zuwa yanzu yana da daɗi da ɗaci. Kayan suna cikin ɗakin da aka kama haya, da kwaɗo uku irin na asusun mata. Hayar lasifika da kujeru ga masu biki da wa'azi da taron makaranta tana biyan kuɗin ɗaki da gyara, kuma tsohuwar ƙungiyar tana ɗaukar kayan a farashi mai rahusa, tare da sharaɗin cewa ranar da aka sa wasa tana gaba da kowace haya. Amma rarar da ake rabawa ƙarama ce ƙwarai, domin dokar OHADA ta wajabta a fara cire aƙalla kashi 20 cikin 100 zuwa asusun ajiya, da wani kashi 20 zuwa asusun horo da ilimantarwa, har sai kowannensu ya kai yawan jarin da aka rubuta. Wasu samari da suka shiga da zaton samun kuɗin kashewa sun yi sanyi, biyu sun nemi a mayar musu da jarinsu. Da aka bayyana musu cewa ko da ƙungiyar ta rushe, abin da ya rage bayan biyan bashi da mayar da jari ba a raba shi tsakanin mambobi, sai dai a miƙa shi ga wata ƙungiyar gama-kai ko hukumar da ke raya irin wannan tsari, sai wasu suka ga kamar an yi musu ƙwange. Ni kuwa a ganina wannan tanadi shi ne katangar da take hana wani ya zo ya rushe gidan don ya sayar da tubalinsa.

Hatsarin da na fi jin tsoro daban ne. Haya tana kawo kuɗi, wasa yana cin kuɗi, saboda haka kullum akwai jan hankali zuwa ga ƙara kujeru da rumfuna maimakon shirya sabon labari. Bayan sallah da lokacin kaka, sa'ad da bukukuwa suke yawa, samarin da ya kamata su zo gwaji suna can suna jan waya a gidan biki. Idan ba a yi hattara ba, ƙungiyar za ta wayi gari ta zama kamfanin hayar kaya mai tsohon tarihin teyatur. Tsarin bai kuma warware maganar ladan ɗan wasa ba, domin har yanzu abin da ake samu a ƙofa ba ya isa a biya kowa, ga shi mutanen gari sun saba da kallon wasa kyauta tun zamanin furoje, sannan finafinan Kano suna cikin wayar kowa.

Akwai shawarar a buɗe ƙofa ga ƴan kallo su sayi hannun jari, kamar yadda magoya baya suke mallakar wasu ƙungiyoyin ƙwallo a Turai. Masu goyon bayanta suna ganin fadojin samari na unguwanni za su iya zama tushen jari da na ƴan kallo a lokaci guda. Masu adawa suna tuna cewa dokar ta gina ƙungiyar gama-kai a kan alaƙar da ta haɗa mambobi, kamar sana'a ɗaya ko manufa ɗaya, kuma idan ƴan kallo suka fi ƴan wasa yawa, to ƙuri'a za ta koma hannun waɗanda ba su san wahalar gwaji ba. An jingine maganar.

Wadda ba za ta jingine ba ita ce ta mallakar wasannin kansu. Yawancinsu ba a rubuce suke ba: Baba yakan kawo ƙashin labari, ƴan wasa su sa masa nama a wurin gwaji, kowa da irin maganar da ya ƙirƙira. Yanzu da ake ɗaukar su a waya ana sawa a Facebook da YouTube, tambayar wa ke da haƙƙi ta taso, kuma shafin da ya fi mabiya yana hannun wani matashi da ya buɗe shi da lambar wayarsa tun kafin a yi tsarin. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, tana rajistar aiki da sunan wanda ya ƙirƙire shi, alhali a nan masu ƙirƙirar suna da yawa. Kwamitin gudanarwa ya gabatar da daftari cewa labari na mai kawo shi ne, hoton da aka ɗauka da kayan ƙungiya na ƙungiya ne, shafin kuma a mayar da shi ƙarƙashin mutum uku. Matashin ya amince da biyun farko, amma ya nemi a ƙiyasta shekarun da ya yi yana tara mabiya a rubuta masa su a matsayin jari, kuma taron mambobi mai zuwa ne zai yanke ko dokar da ta karɓi ɗinkin tela za ta karɓi wannan.